Duwatsun da Na Kawar a Hanyar Kogo

Mako uku ke nan da kafinta ya zo gyaran silin ɗin ɗan masallacinmu na bayan layin dogo, a nan Agege, don tun farkon damina ruwa ke ɗiga daidai kan liman. Yana ɓamɓare falle ɗaya sai wani baƙin gari ya zubo, wari ya cika ɗakin. Kowa ya toshe hanci ya yi waje. Ni kaɗai na tsaya ina shaƙa kamar an saka turaren wuta. Kashin jemage ne da ya shekara yana taruwa. Kafintan, wani Bayarabe mai fara'a, ya leƙo daga kan tsani ya tambaye ni da Hausarsa ta kasuwa ko lafiya. Na ce lafiya lau, garinmu na tuna. Ya yi dariya har guduma ta kusa suɓuce masa. Na san abin da ya raya a ransa: wane irin gari ne wannan da sai kashi ke tuna wa mutum shi.

To bari in gaya maka irin garin, kai mai karatu, in za ka iya haƙuri da rubutun wanda ya yi aji biyu a firamare, a na uku malam ya ce in koma wurin awaki, su ma suna da hakki a kaina.

Garinmu a gindin dutse yake. Ba dutse ɗaya ba ne, duwatsu ne suka goyi juna, wani a kan wani, da lunguna a tsakaninsu waɗanda in ka shiga ba ka ganin komai sai sama. A can bisa akwai kufan tsohon gari. Ganuwarsa ta dutse ce, an jera ba laka, kuma har lokacin da na yi wayo akwai wuraren da ta fi tsawon mutum. A nan aka haifi kakana, a zamanin da mahara ke zuwa da dawaki suna kwasar mutane a gona. In an hango ƙurarsu sai kowa ya haye, mata da yara su shige koguna, maza su tsaya a ƙofar ganuwa da baka da duwatsun mirginowa. A wani zaman da aka yi na kwana da kwanaki, uwar kakan nawa ta rasu a cikin kogo, shi yana ɗan shekara shida, yana riƙe da zanenta. Ba halin fita da ita. A nan cikin kogon aka haƙa ƙasa aka rufe ta. Da duniya ta yi lafiya mutane suka sauko suka yi gari a ƙasa, kusa da ruwa, suka bar ta ita kaɗai a sama.

Shi ya sa duk shekara, kwana bakwai bayan an rufe rumbu, kaka yakan hau dutse ya share wurin da take, ya yi mata addu'a, ya sauko. Shi kaɗai yake zuwa. Ubana da baffannina ba sa hawa. Su sun yi karatun allo mai zurfi, suna ganin dutse wurin iskoki ne da tsafin mutanen da, suna jin kunya a ce daga can suka fito. Kaka bai taɓa musu da su ba. Sai dai ya ce, “Ni dai uwata ba iska ba ce.”

Da idonsa ya fara yin hazo, kafin ya rufe gaba ɗaya, ya yi wata dabara. A duk inda hanya ta rabu a tsakanin duwatsu, ya ɗora ƙananan duwatsu uku: biyu a ƙasa, dogo ɗaya a sama, bakinsa yana nuna inda za a bi. Da ido ya tafi duka, sai ya zama dole a sami yaron da zai riƙe masa gaban sanda. A nan fa tawa ta same ni.

Mu biyu ne sa'o'i a gidan, ni da ɗan gwaggona. Kwana tara na ba shi a duniya, kuma ban taɓa barin ya manta ba. Ubansa ya rasu yana goye, gwaggo ta dawo gida da shi, muka taso tabarma ɗaya, akushi ɗaya. Taubashina ne, ni ɗan namiji shi ɗan mace, don haka tun ban san ma'anar kalmar ba nake kiransa bawana. Amma ka ji irin bawan: siriri, mai sanyin murya, hancinsa a goge kullum, in an aike shi gishiri gishiri yake kawowa. Ni kuwa in aka fasa ƙwarya ba a tambaya, ni ake nema. Sau tara cikin goma ni ne ɗin, amma na goman nan ya fi ci mini rai.

Ranar da kaka ya ce zai zaɓi ɗan jagora, na wanke ƙafa, na zauna kusa da shi har gwiwata tana taɓa tasa. A ganina maganar a fili take. Dutse na gidanmu ne, ni ne ɗan ɗansa, jinin ya biyo ta namiji. Kaka ya miƙa hannu ya shafa kaina, ya shafa kunnuwana, ya ce, “Wannan mai son ƙwace mini mata ne.” Sai ya tsallake ni ya ɗora hannu a kafaɗar ɗan gwaggo. Ni aka ce in ɗauki gorar ruwa, da buzun salla, da ƙullin fura, da tsintsiya. In gajarce maka, an yi wa bawa sarauta, an mai da ubangida jaki.

Da hantsi muke tashi, bayan an sha kunu. A lokacin ciyawa ta bushe ta kwanta, ƙarangiya na kama ƙafar wando, iska na ɗauke da ƙamshin karan gero da aka tara. Ɗan gwaggo a gaba da bakin sanda, kaka a tsakiya, ni a baya da kaya. Ka san makaho in yana magana gaba yake fuskanta. Duk abin da kaka ya faɗa, kunnen ɗan gwaggo yake shiga da ɗuminsa, ni sai abin da iska ta rage. Haka nan nake tsinta kamar kaza a bakin turmi. Na ji cewa ƙofar ganuwa an yi ta da kwana don kada doki ya shigo a guje. Na ji cewa wurin da ƙasa ta yi baƙi da kashin ƙarfe gidan maƙera ne. Na ga ramukan da mata suka yi a kan fa da niƙa, sumul, har hannu na son zama a ciki. Akwai wani faffaɗan dutse da in an buge shi da ƙaramin dutse yake ƙara kamar ƙarfe, da shi ake sanar da mutanen gona cewa mahara sun taso. Kaka ya ce ɗan gwaggo ya buga. Ya buga sau uku, a hankali, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar surukai. Ƙarar ta zagaya duwatsu ta dawo. Na ce ni ma zan buga. Kaka ya ce, “Kai in ka buga, har mutanen kasuwa sai sun hawo.”

Amma duk wannan mai sauƙi ne a kan abin da ke jirana a bakin kogo. Da mun isa, kaka ya karɓi tsintsiya da buzu, ya ce ni in zauna a waje in tsare fura, saboda birai. Su biyu suka sunkuya suka shige. Shekara biyu a jere haka aka yi mini. Ina zaune a kan dutse mai zafi, ina jin ƙus-ƙus ɗinsu daga ciki, ina jin sharar tsintsiya, daga nan shiru. Abin da nake samu na kogon nan ɗaya ne tak: wata iska mai sanyi da ke fitowa daga bakinsa, ɗauke da warin kashin jemage. Shi ne rabona. Shi na riƙa shaƙa ina haɗiyar takaici, shi ya sa har gobe hancina bai ɗauke shi wari ba.

Mai zaman haushi ba abin da ba ya gani. Na haddace bakin kogon nan fiye da yadda na haddace Ƙulhuwallahu. Akwai gamji da ya tsiro a samansa, saiwoyinsa sun sauko sun kama dutse kamar yatsu. In ka juya baya ga kogon ka dubi ƙasa ta tsakanin wasu duwatsu biyu, kukar kasuwarmu ce za ka gani daidai saitin hancinka, ƙarama kamar kan tsintsiya. Na san ramin da remaye ke fitowa shan rana. Na san birin da ya fi rashin kunya, mai yankakken kunne, har na taɓa ba shi rabin furar ɗan gwaggo na ce ƙwacewa ya yi.

In sun fito, idon kaka a jiƙe, ɗan gwaggo kuma ya yi wani irin shiru na manya da ke sa in ji kamar in tura shi cikin ƙaya. A hanyar sauka in matsa kusa da shi in ce me ke ciki. Ya ce duhu. In ce bayan duhu fa. Ya ce, “Kaka ya ce ba a ba da labarin ɗakin uwa.” Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Shekara ta uku, ana cikin sussuka, kaka ya tara mu ya ce gwiwarsa ta yi masa sallama. Bana ne hawansa na ƙarshe, zai je ya yi ban kwana da uwarsa, daga nan sai a haɗu inda ake haɗuwa. Na ga in ban riƙe sandar nan bana ba, ba zan taɓa riƙewa ba. Na bari sai da ya rage shi kaɗai a zaure yana murza igiya, na durƙusa na ce a ba ni gaba ko sau ɗaya, na san hanya.

“Na san ka sani,” in ji shi. “Ƙafarka irin ta akuya ce. Za ka kai ni, amma kai kaɗai za ka isa.”

Na ce zan tafi a hankali.

“Kai da a hankali ko a hanya ba ku taɓa gaisawa ba. Tashi ka ba ni wuri, abokin kishi.”

Wasa yake yi, irin na kaka da jika, har yana lalubar kunnena zai ja. Ni kuwa ban ji wasa ba. Na fita ina ganin duhu-duhu da rana tsaka.

Ana jibi za a hau, na kora awaki wajen gindin dutse da la'asar, na bar su suna kiwo, na haye ni kaɗai. Lissafina mai sauƙi ne, irin na mai aji biyu. Ɗan gwaggo bai san hanya ba, duwatsun kaka yake bi, domin idonsa kullum yana kan ƙafar tsoho, ba ya ɗaga kai. In na juya bakin dutse, zai ɓata. In ya ɓata, zai yi kuka. In ya yi kuka, kaka zai ce to kai zo ka karɓa. Sai in kai su har bakin kogo, a ce ɗan namiji ɗan namiji ne, a bar bawa da birai. Na juya na farko a mararrabar da ke ƙasa da ƙofar ganuwa, na sa bakinsa ya nuna wani lungu da ba ya fita ko'ina. Don kada a yi dace ya tsallake wannan, na ƙara hawa har bayan gidan maƙera, inda hanya ta rabu zuwa koguna biyu. Na hagu shi ne namu. Na dama kuwa wani kogo ne mai kama da shi, har da fasassun rumbunan laka a baki, amma ba mai shigarsa sai beguwa. Na juya dutsen ya dubi dama. Na sauko ina fito, na iske awaki sun shiga rogon maƙwabci, na sha zagi, ban ko ji ba.

Ranar hawa ta zo da zafi tun da safe. Kaka ya sa farar rigarsa ta Juma'a. Muka kama hanya, yana tafiya yana hutawa, numfashinsa na fita da ƙara. Da muka zo mararrabar farko, ɗan gwaggo ya dubi dutse, ya bi inda ya nuna. Muka yi tafiya mai ɗan nisa cikin lungun, sai kaka ya tsaya, ya shafa ƙasa da tafin ƙafa, ya ce, “Ƙafata ba ta san nan ba.” Ɗan gwaggo ya ce ai dutse ya bi. Kaka ya ce a koma. Amma komawa a tsakanin duwatsun nan ba kamar komawa a titi ba ce. Kowane lungu yana da ƙani. Yaro ya ruɗe, ya ja tsoho nan, ya ja shi can, sau biyu kaka yana buga ƙauri a dutse har jini ya ɓata farar riga. Rana ta take tsaka. Gora ta yi rabi, ta koma kwata. Ni ina biye, ina jiran kukan da na yi lissafi, shi kuwa ɗan banzan nan ya ƙi kuka. Hannunsa na kan sanda, yana ta cewa, “Sannu kaka, ɗaga ƙafa kaka.”

Da na ga abin zai wuce inda na tsara, na ce da ƙarfi ni na san hanya, a mararrabar ƙasa aka yi kuskure, dutsen can ne ya juya.

Kaka ya zauna a kan wani dutse. Sa'an nan ya juyo da fuskarsa wajena, karo na farko a kan dutsen nan da ya yi magana baya.

“Dutse ba ya juyawa,” ya ce. “Ka ga ya juya, ka yi shiru tun hantsi?”

Na ce to a ba ni sanda in kai shi, da sauran rana.

“Da sauran rana,” in ji shi. “Amma gara in koma ban gai da uwata ba, da in je mata a hannun wanda ya kawar da abin da na ɗora. Shiga gaba ka fitar da mu. Ba ka taɓa sandata ba.”

Haka na sami gaban da nake nema. Ni a gaba, hannu wofi, ɗan gwaggo na bin sawuna da bakin sanda, muna gangarawa gida. Ban taɓa yin tafiya a hankali irin ta ranar ba.

Da ubana ya ji, ya ɗauko tsumagiya. Kaka ya ce kada wanda ya taɓa ni. Da dukan aka yi da na huta. Ya kira ni kusa da shimfiɗarsa, ƙafafunsa sun kumbura kamar an hura, ya ce nawa na taɓa. Kai mai karatu, nan ne wurin da ya kamata in zama mutum. Na buɗe baki na ce ɗaya. Ya ce in je in mayar. Na je na mayar da na ƙasa daidai yadda yake. Na sama kuwa na tsaya a kansa, na dube shi, na tuna shirun manyan nan da ɗan gwaggo ke fitowa da shi daga kogo, na ce a raina: ai shi ne zaɓaɓɓe, in ya isa ya gane da kansa. In ya kasa, ya zo ya tambaye ni.

Kaka bai sake tashi ba. Da ruwan fari ya rasu. Kafin ya cika ya sa aka ba ɗan gwaggo sandar, ya karɓi alkawarinsa cewa duk shekara zai hau ya share. Ni ya yafe mini, a gaban mutane, da bakinsa. Na ɗaya ya yafe. Na biyun bai san da shi ba.

Na zauna jiran ranar da ɗan gwaggo zai sauko ya ce ya kasa. Kaka ta yi, aka rufe rumbu, ya ɗauki sanda da tsintsiya ya hau shi kaɗai, ya dawo da yamma bai ce komai ba. Na ce to, ashe ya gane, ya mayar da dutsen, ya kuma rufa mini asiri don ya ƙara fi na. Wannan ya fi komai ƙona ni. Bayan 'yan shekaru na bi motar shanu na sauka a Ikko. Na yi dako a kasuwar Mile 12 har wuyana ya shige, na yi gadin gidan wani oga a Ikeja, daga baya na kafa teburin goro a Agege, na yi aure, na yi 'ya'ya, 'ya'yan suka yi nasu. Nakan je gida jefi-jefi, gaisuwar mutuwa ko biki. Mu haɗu da taubashina, in ce bawana, ya ce ɓataccen Ikko, mu yi dariya, mu ci tuwo. Dutse na tsaye a bayan gari yana kallona, ban taɓa sake hawansa ba, ban kuma taɓa tayar da maganar ba.

To, ranar da aka buɗe silin ɗin nan na koma gida na cika wa iyalina kunne da labarin dutse. Jikata, wadda Yarabancinta ya fi Hausarta gudu, ta ɗauki waya ta latsa, ta nuna mini wani bidiyo, ta ce ko wannan ne. Shi ne kuwa. Ashe yanzu samari da 'yan mata na tasowa daga birane, da jakunkuna a baya da takalma masu kauri, su zo hawan dutsenmu don nishaɗi. Ga su nan a jere a ƙofar ganuwa. A gabansu kuma wa zan gani? Bawana, da farin gemu har ƙirji, da sandar kaka, yana nuna musu gidan maƙera kamar shi ya hura musu zuga. Suna ce masa Baba, suna tafa masa. Wata yarinya har da riƙe masa hannu a gangare. Ni da na fi shi sanin wurin nan, abin da ake ce mini a Agege shi ne mai goro, kawo na fari. Na ce wa jikata ta kashe. Na ce a'a, bar shi.

Can wajen ƙarshe ya tsaya a bakin kogo ya ce a nan uwar kakansa take, su dakata a waje. Mai ɗaukar hoton ya juya don ya nuna ƙasa. Na ga rafi. Na sa aka mayar baya, na kawo wayar har kan hancina. Rafi ne, ba kukar kasuwa ba. A saman kogon kuma ba gamji, ba ko kututturensa.

Ba zan ɓoye maka ba, dariya na fara yi. Na yi ta har da tari. Shekara hamsin da ɗoriya zaɓaɓɓen kaka yana share wa beguwa ɗaki yana yi mata Fatiha. Da dariyar ta ƙare sai na ga ba abin da ya rage a ƙarƙashinta sai wata mata da aka bari ita kaɗai a sama, wadda tun ranar da na juya dutse ba wanda ya leƙa ta.

Kwana huɗu ina ɗaukar waya ina ajiyewa. A na biyar, bayan azahar, na kira.

“Bawana, kana nan da rai?”

“Wa nake ji kamar ɓataccen Ikko? Teku ba ta tafi da kai ba?”

Muka gaisa, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, yadda ya saba, ba ya tsallake kowa. Sai na ce masa duwatsun da na juya biyu ne. Na ce kogon da yake shiga ba shi ba ne.

“Na ga ya yi mini ƙunci,” ya ce. “Tun shekarar farko. Na ce ni ne na girma.”

Na ce ai Allah na kai addu'a inda aka nufa da ita.

“Ba malami na rasa ba. Shara na yi wa tsoho alkawari, ba aike ba.” Ya numfasa. “Har 'ya'yana na kai can. Gaya mini hanyar.”

Kalma biyar ce, mai karatu: bayan gidan maƙera, bi hagu. Ko yaro zai riƙe ta. Na ji su a kan harshena. Sai na ji bakina yana cewa hanyar ba ta faɗuwa a waya, sai an je.

Ya yi wata 'yar dariya ta hanci. “Har yanzu sandar kake so.”

Na ce gaba nake so.

“To ka zo bayan an rufe rumbu. Ka shiga gaba har baki. Amma ciki ni na sani, kai ba ka taɓa shiga ba. A nan sai ka riƙe bayan rigata.” Kafin in ba shi amsa ya ƙara da cewa in taho da tsintsiya, ni zan yi sharar, ta shekara hamsin ce.

Duniya ta juya fiye da dutsen da na juya. Kakanninmu sun hau can don su tsira da rai. Iyayenmu sun ji kunyar a ce can ne asalinsu. Yau baƙi ke hawa don a ɗauke su hoto, kuma su ne suka sa yaran garinmu suka fara tambayar wane ne ya jera ganuwa. Jikokina a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa aka haife su, tudun da suka sani mafi tsawo shi ne tarin bolar hanyar Abule Egba. Ban san ko gamjin nan masu gawayi sun bar shi ba. Ban san ko gwiwata za ta kai ni ba, don yanzu na wuce shekarun da ubana ya yi a duniya, na kusa kamo kaka.

Shi ya sa kullum bayan na buɗe tebur nake barin maƙwabcina ya duba mini, in je gadar ƙafa ta kan babban titi, in hau in sauka. Ranar farko sau ɗaya na yi na zauna a matakala, wata mata ta ɗauka bara nake ta miƙo mini burodi. Jiya na yi sau huɗu. 'Yan okada, masu acaɓan ƙasan gadar, sun fara ƙirga mini da ƙarfi, matata kuma ta ce in tsufa ya zo wa wasu da hankali, ni da wasan motsa jiki ya zo mini.

Rai ba a hannuna yake ba, rufe rumbu kuma da sauran wata uku. Don haka na kira jikata na sa ta rubuta kalmomin nan biyar a wayarta, da lambar taubashina a ƙasa, na ce in ta ji an ce na faɗi, kafin a yi mini wanka ta tura masa. Ta ce me zai hana ta tura yanzu a huta. Na kama kunnenta na ce sai na mutu.